Gidan kallon da ya nuna mana kakar ƙwallon jami'o'in ACC a Garwa

A unguwar Yelwa ta birnin Garwa da ke arewacin Kamaru akwai wani gidan kallon ƙwallo da na shekara biyu ina wucewa ta ƙofarsa ban taɓa leƙawa ba, domin shekaruna sun wuce na zama cikin hayaniyar magoya bayan ƙungiyoyin Ingila da Sifen. Abin da ya shigar da ni shi ne wata sanarwa da na gani an rubuta da alli a allon ƙofar gidan a ƙarshen watan Agustan 2023, cewa duk ranar Juma'a da tsakar dare za a riƙa nuna wasannin ƙwallon ƙafa na maza na jami'o'in Amurka. Ni malamin makaranta ne, kuma da la'asar ina horar da yaran unguwarmu a wani fili da ke bayan makaranta, cikinsu har da ɗan ƙanwata wanda ya fara yi mini maganar barin aji saboda ƙwallo. Wannan ne ya sa na ɗauki sanarwar da muhimmanci, na kuma bi kakar tun daga farkonta har zuwa watan Disamba. Abin da zan faɗa a nan hukunci ne a kan hidimar da gidan ya yi mana cikin waɗannan watanni, da alherinta da kuma inda ta gaza.

Mai gidan matashi ne da bai wuce sa'an ƙanena ba, ya yi wani ɓangare na karatunsa a Yola, saboda haka yana jin Turancin Ingilishi sosai, abin da ba kowa ke da shi ba a garin da Fillanci da Faransanci suka fi yawa a bakin mutane. Bai yi ƙoƙarin nuna dukan ƙwallon jami'o'in Amurka ba, kuma wannan shi ne zaɓi mafi hikima da ya yi. Ya tsaya ne a kan haɗakar jami'o'i guda ɗaya, wadda ake kira Atlantic Coast Conference, a taƙaice ACC, da aka kafa a 1953. A waccan kakar jami'o'i 12 ne suka buga ƙwallon maza a cikinta, an raba su rukuni biyu, shida-shida. Rukunin Atlantic ya ƙunshi Clemson da Wake Forest da Syracuse da Louisville da Boston College da NC State, shi kuwa rukunin Coastal ya haɗa Notre Dame da Virginia da Duke da North Carolina da Pittsburgh da Virginia Tech. Da ya warwatsa mu cikin ɗaruruwan jami'o'in da ke buga gasar ƙasar, da babu wanda zai riƙe sunan ko da ƙungiya ɗaya. Amma da yake ƙungiyoyin nan 12 ne suke ta maimaituwa a gabanmu, kafin ƙarshen Satumba yaran da ke zama a bencin gaba sun san launin rigar kowace ƙungiya, sun kuma fara gardama a kan wadda ta fi iya riƙe ƙwallo.

Da na tambaye shi dalilin zaɓen ACC, sai ya ce mini: "Malam, a nan ne kofi yake kwana." Ya yi gaskiya, domin Clemson ce ta ɗauki kofin ƙasa a 2021, Syracuse ta karɓa a 2022, ita kuwa Virginia tana da kofi bakwai a tarihinta.

Wurin kansa ba shi da wani ƙawa. Zaure ne mai rufin kwano da bencina na katako, da majigi mai haska bango da aka shafa wa farin fenti, da fanka biyu da ba sa iya komai da zafin watan Oktoba. Kuɗin shiga sefa 200 ne a kowane dare, wanda kuma ya biya jaka ɗaya da rabi a farkon wata yana shiga duk wasannin watan. A ganina kuɗin bai yi yawa ba, idan aka duba cewa mai gidan yana ƙona mai a janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta, yana kuma sayen data mai yawa, tunda wasannin ta intanet yake jawo su daga kwamfutarsa, ba ta tauraron ɗan'adam ba kamar wasannin Turai. Akwai mai shayi a bakin ƙofa da ke kaiwa har a tashi, kuma ba a barin mai shan taba ya kunna a ciki, abin da na yaba ƙwarai. Sauro kuwa, a watannin damina, sai wanda ya zo da doguwar riga da safa ya iya zama lafiya, kuma sau biyu na roƙi mai gidan ya sa raga a tagogi bai yi ba.

Babbar wahalar hidimar ita ce lokaci, kuma ba laifin mai gidan ba ne. Tsakanin Kamaru da gabashin Amurka akwai tazarar awa biyar daga farkon kakar har zuwa Lahadin farko ta watan Nuwamba, daga nan sai su mayar da agogonsu baya tazarar ta zama awa shida. Wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a Karolina, a wurinmu sha biyun dare ne, a ƙarshen kaka kuma ƙarfe ɗaya. Mutum zai fito daga gidan kallo wajen ƙarfe biyu ko uku, ya nemi ɗan acaɓa da ƙyar, ya ɗan runtsa kafin kiran sallar Asuba. Sauƙin da aka samu shi ne yawancin wasannin da ƙungiyoyin ACC ke yi a tsakaninsu ranar Juma'a ake buga su, wayewar Asabar ke nan a wurinmu. Wasannin tsakiyar mako kuwa, mai gidan yakan nuna su washegari bayan sallar Isha'i, kuma wannan tsari ne mai kyau da ya ba ɗalibai damar kallo ba tare da sun yi gyangyaɗi a aji ba.

Sai dai a nan ne na sami abin da ya ɓata mini rai fiye da komai. A makonnin farko ba ya rubuta wa mutane a allo wane wasa ne kai tsaye, wane ne kuma aka riga aka buga. Wani dare a watan Satumba na ga samari biyu suna neman ba hammata iska, domin ɗaya ya riga ya duba sakamakon a wayarsa ya zo yana cika baki kamar mai duba, ɗayan kuma ya ɗauka wasan yanzu ake yin sa. Na sami mai gidan bayan an watse na ce masa: "Ƙanena, wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin ya san abin da ya saya, ka rubuta musu gaskiya ko da za su ragu." Ya karɓi maganar da ladabi, daga makon da ya biyo baya ya fara rubutawa, kuma ban ga mutane sun ragu ba. Matsala ta biyu ita ce yankewar hoto. A daren da aka yi ruwa mai ƙarfi hoton yakan tsaya cak na minti biyu ko uku, sau ɗaya ma sai da muka rasa kusan rabin kashi na biyu na wasa gaba ɗaya, kuma ba a mayar wa kowa da kuɗinsa ba, ba a kuma ce ya dawo gobe kyauta ba. Wannan kuskure ne a sana'a, domin ɗan alherin da za a yi wa mutum a irin wannan dare shi ne ke dawo da shi mako mai zuwa.

Inda gidan ya fi ƙarfi, kuma abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba, shi ne bayanin da mai gidan yake yi. Masu sharhin wasan da Ingilishi suke magana, da sauri kuma, saboda haka yakan rage sautin a lokacin hutun rabin lokaci ya tsaya a gaban bango ya yi bayani da Hausa, ya maimaita da Fillanci ga waɗanda suka fi jin sa. Ba don wannan ba, da daren farko ma ya ishe mu ruɗewa, domin dokokin ƙwallon jami'o'in Amurka sun saɓa wa abin da muka saba gani a Roumdé Adjia, babban filin wasan Garwa. Agogon wasan daga minti 45 yake farawa yana raguwa zuwa sifili, ana tsayar da shi idan an ci ƙwallo ko an ba da kati ko wani ya ji rauni, kuma da zarar ya kai sifili wasa ya ƙare ko da ƙwallo tana kan hanyarta ta shiga raga. Babu mintunan da alƙalin wasa ke ƙarawa bisa ganin damarsa. Da farko abin ya yi mini baƙo, amma daga baya na ga amfaninsa, domin ɗan wasan da ya kwanta yana birgima don cin lokaci ba ya cin komai, tunda agogon a tsaye yake. Na fara gwada wannan da yarana a filin bayan makaranta, da agogon wayata, kuma kwanciyar ƙarya ta ragu.

Dokar canjin 'yan wasa ce ta fi jawo gardama a zauren. A waccan kakar mai horarwa yana iya canza 'yan wasa da yawa, kuma wanda aka fitar a kashi na biyu yana iya sake komawa fili sau ɗaya. Wani dattijo da ya taɓa buga ƙwallo a ƙuruciyarsa, wanda kowa ke kira Baba, ya dage cewa wannan ba ƙwallo ba ce, tsere ne, domin ba a barin gajiya ta rarrabe gwani da mai ƙarfin gudu. Akwai gaskiya a maganarsa. Wasannin suna da sauri da yawan karo, ana matsa wa mai riƙe da ƙwallo tun daga gidansa, kuma ba kasafai ake ganin natsuwar da ƙwararru ke yi ba. Wanda ya zo yana neman irin abin da yake gani a gasar Zakarun Turai zai koma gida da takaici, kuma wasu sun zo sau ɗaya ba su sake dawowa ba. Amma mai gidan ya bayyana dalilin dokar: kakar gajera ce, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Nuwamba ake gama wasannin share fage, ƙungiya takan buga wasa biyu a mako, 'yan wasan kuma ɗalibai ne da ke da lacca da safe. Ya kuma faɗa mana cewa tun daga 2022 aka daina ƙarin lokaci a wasannin share fage, shi ya sa muka ga kunnen doki da yawa.

A kan wannan batu na karatu nake so in daɗe, domin shi ne ainihin abin da ya kai ni wurin. Yaranmu sun tashi da labarin Vincent Aboubakar, wanda ya bar ƙungiyar Coton Sport ta garin nan ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, kuma labari ne na gaskiya da muke alfahari da shi. Illa dai yaro yakan ɗauka cewa hanya ɗaya ce tak, wato ya ajiye littafi ya jira wanda zai kai shi Turai, kuma mun san gidaje a garin nan da suka sayar da fili ko shanu suka miƙa wa dillalan da ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A bangon wannan zaure kuwa, duk lokacin da aka nuno ɗan wasa ana rubuta ajinsa a jami'a, ko ɗan shekarar farko ne ko ta ƙarshe. Mai gidan ya yi mana bayanin cewa hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in, ba ta barin ɗalibi ya buga sai yana cikakken karatu kuma makinsa bai faɗi ƙasa da ƙa'ida ba, cewa kaka huɗu kawai yake da ita cikin shekara biyar, kuma an ƙayyade awa 20 a mako ga atisaye da wasanni a lokacin kaka. Na ga ɗan ƙanwata ya yi shiru da ya ji haka, kuma a hanyarmu ta komawa gida ya tambaye ni ko takardar kammala sakandare ta Kamaru tana da amfani a can. Wannan tambaya ta fi mini duk ƙwallayen da aka ci a daren.

Abin da ya ƙara mini ganin girman mai gidan shi ne bai sayar wa yaran da mafarki ba. Ya faɗa musu ƙarara cewa tallafin karatun da aka yarda kowace ƙungiyar maza ta raba a lokacin bai wuce na mutum 9.9 ba, alhali 'yan wasan ƙungiya sukan kai kusan talatin, saboda haka yawancinsu wani kaso kawai suke samu, sauran kuɗin makarantar kuma masu yawa ne ƙwarai. Ya gaya musu cewa sai an tantance takardun karatu, sai an ci jarrabawar Ingilishi, kuma wanda ya daɗe yana buga gasa bayan gama sakandare yana iya rasa wani ɓangare na shekarunsa na wasa. Wani dare wani baƙo ya shigo yana raɗa wa samari cewa yana da hanyar kai su Amurka idan suka kawo kuɗin fom, sai mai gidan ya tsayar da hoton ya ce masa a gaban kowa ya fita. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da uba zai bar ɗansa ya je wurin.

Ya kuma kawo misalan da suka shafe mu. Tony Tchani, haifaffen Bafang a nan Kamaru, ya buga wa jami'ar Virginia, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin ƙasa a 2009, a 2010 kuma ƙungiyar New York Red Bulls ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen 'yan wasan gasar ƙwararru ta Amurka, wato MLS, daga baya har ya sa rigar Kamaru. Jack Harrison, wanda masu kallon gasar Ingila suka sani a Leeds da Everton, a Wake Forest ya yi kakar 2015. Ita kuwa Clemson tana da tsohuwar alaƙa da yankinmu, domin mai horar da ita na shekaru masu yawa, I. M. Ibrahim, wanda ya ci mata kofin ƙasa a 1984 da 1987, ya riƙa ɗauko 'yan wasa daga Nijeriya tun a shekarun 1970.

Wataƙila shi ya sa zauren ya karkata ga Clemson tun kafin a san inda kakar za ta ƙare, amma babban dalili shi ne Ousmane Sylla, ɗan Senegal mai buga tsakiya zuwa gaba, wanda yaran suka ɗauka tamkar ɗan unguwa. Gajere ne, mai saurin juyawa da ƙwallo, kuma yana da natsuwar da Baba ya ce babu ita a gasar, har shi ma Baban ya sallama. Bayan wasannin share fage, inda kowace ƙungiya ta buga wasa takwas da 'yan haɗakarta, sai aka shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ACC, wadda duka ƙungiyoyin 12 suka shiga. Wasan ƙarshe an yi shi ranar 12 ga Nuwamba a garin Cary na jihar Karolina ta Arewa, Clemson da North Carolina suka tashi 1-1, Clemson ta yi nasara a bugun fenariti. A ranar hoton bai yanke ba ko sau ɗaya, domin damina ta wuce, kuma zauren ya cika har wasu suna tsaye a bakin taga.

Mai gidan bai tsaya nan ba, ya bi ƙungiyoyin ACC cikin gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 48 ba tare da ya ƙara kuɗin shiga ba. Sa'ar da ya taka ita ce wasan ƙarshe na ƙasar gaba ɗaya ya zama na 'yan gida ɗaya, Clemson da Notre Dame, bayan Clemson ta fitar da West Virginia, Notre Dame kuma ta fitar da Oregon State. An buga shi ranar Litinin 11 ga Disamba a birnin Louisville, a wurinmu cikin sanyin hunturu, kowa a dunƙule cikin rigar sanyi da kofin shayi a hannu. Brandon Parrish ya fara ci wa Clemson a kashi na farko, Sylla ya ƙara ta biyu bayan an dawo daga hutu, Notre Dame ta rama ɗaya da fenariti dab da tashi, aka ƙare 2-1. Kofi na huɗu ke nan ga Clemson, na biyu kuma a hannun mai horar da ita Mike Noonan. A watan Janairun 2024 aka ba Sylla kyautar Hermann, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, mai gidan kuma ya rubuta labarin a allon ƙofa ya bar shi mako guda bai goge ba. A daren wasan ƙarshen na karya ƙa'idata na bar ɗan ƙanwata ya zo duk da akwai makaranta washegari, bayan na nemi izinin mahaifiyarsa.

Kallon kakar ya sa na riƙa tunanin wasannin jami'o'inmu na Kamaru, waɗanda ake tara su wuri ɗaya sau ɗaya a shekara a gama cikin kusan mako guda. Filin Riggs na Clemson ba ya ɗaukar ko rabin mutanen da Roumdé Adjia ke ɗauka, abin da ya rayar da gasarsu shi ne jadawalin da ba ya saɓawa, yau a gidanka mako mai zuwa a gidan abokin karawarka. Yanzu da Garwa ta sami jami'arta tun 2022, ga Ngaoundéré ga Marwa, ban ga abin da zai hana jami'o'in arewa uku su riƙa ziyartar juna a kai a kai ba.

Ga wanda ke horar da yara, ko uban da ɗansa ya fara raina aji saboda ƙwallo, ina ba da shawarar ya je wannan gida, ya kuma fi mayar da hankali ga nunin bayan Isha'i maimakon na tsakar dare. Wanda kuwa gwanintar ƙwararru kawai yake nema, gara ya tsaya a wasannin Asabar da Lahadi da ya saba. Kafin kakar 2024 na roƙi mai gidan abu uku: ragar sauro a tagogi, da tikitin dawowa kyauta idan hoto ya yanke fiye da minti goma, da kuma benci ɗaya a gefe ga iyayen da suka rako 'ya'yansu. Akwai kuma ƙalubalen da ke jiransa a lokacin, domin daga 2024 jami'o'in Stanford da California da SMU suka shiga ACC, kuma wasan da aka fara da ƙarfe bakwai na yamma a Kalifoniya, a Garwa ƙarfe uku na dare ne. Na ce masa kada ya wahalar da janaretansa a kan waɗannan, ya ajiye mana su zuwa bayan Isha'i, ya rubuta a allo cewa an riga an buga su.